Hulata da Gwaggo Ta Cika da Ƙasa

Zuwa ga Barira, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, 'yar Malam Badamasi na Kara, wadda murmushinta ya hana ni sukuni tun ranar da na gan ta a kasuwar Gwarzo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda farin ciki ya cika wa ƙirji har ya rasa inda zai zauna. Yaya gida, yaya Baba, yaya gajiyar suna? Yaya kuma gwiwar Gwaggo Altine, baiwar Allah da na yi wa mummunan zato?

Barira, kin san abin da ya tsaya tsakanina da ke. Ba dangi ba ne, ba hali ba ne, rami ne! Wannan kwazazzabon da ruwa ya haƙa a bayan gidanmu na Gammo, wanda kowace damina sai ya gatsi gonar wani. Baba ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, ba zai kai 'yarsa gidan da ƙasa ke gudu daga ƙarƙashinsa ba. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da 'yata ce ke, abin da zan faɗa ke nan. Shi ya sa tun bara nake fama da bakin ramin nan, ina dasa ciyawar jema da bini-da-zugu, ina jera buhunan yashi, har abokaina suka ce ramin nake nema da aure.

Ranar da kuka zo suna Gammo, da Gwaggo ta ce Baba ya sa ta ta ga ramin da idonta, wallahi ba don na so ba na kai ku. Amma kin tuna yadda muka gangara ta hanyar awaki, ke a gaba, Gwaggo na dafe da kafaɗarki tana tsaki? Kin tuna inda ramin ya buɗe ya zagaye kamar ƙatuwar ƙwarya, ƙasansa yashi fari tas, sai ka ce an yanko hamada an ajiye mana a bayan gida? Kika tsaya cak, kika ɗaga kai. Bangon nan hawa-hawa, ja a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, fari a ƙasa, kika ce kamar atamfofin da aka jera a shago. Ga ginshiƙan ƙasa a tsaitsaye, kowanne da dutse a ka, kika ce 'yan tallar fura ne suka tsaya gulma. Ga saiwoyin tsohuwar tsamiya suna reto a iska. Kika yi dariya, bango ya dawo mana da ita, sai ga tsuntsayen nan koraye masu jan wuya sun fito fuu daga ramukansu sun cika sama. Wayyo Barira! Da dariyarki da tashinsu, wanne ya fi kyau? Har yau na kasa yanke hukunci.

Na girma ina tsanar wurin nan. Ya ci rabin gonar kakana, ya ci mana akuya mai ciki. Ban taɓa sanin yana da kyau ba sai da na tona miki yashi ruwa ya tsattsafo, kika durƙusa kika sha da tafin hannunki, kika ce ya fi na randa sanyi. A nan na ji ina son ramin, saboda ke kin kalle shi.

Gwaggo kuwa, fuskar nan kamar an ba ta maɗaci. Ta kama jemar da na dasa ta finciko, ta ƙi fita. Ta isa gindin bango inda farar ƙasar take, ta kankara da farce, ta jiƙa da yawu, ta shafa a bayan hannunta, ta tsaya tana kallo har ya bushe. Sai kawai ta miƙo hannu ta zare hulata daga kaina, sabuwar hular da na saya musamman don zuwanku, ta cika ta dam da ƙasa, ta ce mu tafi, gwiwarta na ciwo. Na ce a raina shi ke nan, Lukuman, ga shaida za a kai wa Baba, ya ga yadda ƙasar Gammo ke marmashewa a hannu.

Ke kuma kin sani! Na ga kin rufe baki da mayafi, kafaɗunki na rawa, na ɗauka kuka kike yi. Haba masoyiyata, haka ake yi? Ki bar bawan Allah ya koma gida kai ba hula, zuciya ba daɗi?

Tuwo ma na kasa ci. Da Inna ta matsa na ba ta labari, sai ta saki muciya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta ce ni sakarai ne, mu yaran fenti ba mu san komai ba. Tun da take ba ta taɓa ganin gwaggon yarinya ta ɗebi farar ƙasa don ta kai ƙara ba. Ɗakin amarya ake shafewa da ita, kuma Gwaggo ta tafi ne ta gwada a bango ta ga ko tana kamawa.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba sai jiya, da baffanki Mudassir ya tsayar da mashin a ƙofar gidanmu. Bayan an gaisa ya miƙo mini hulata. Ba a wanke ta ba, farar ƙasa duk a jikinta, amma cike take da goro. Ya ce Baba ya ce magabatana su zo bayan sallar Juma'a, ni kuma kada in daina dasa jema.

Barira, ina zan sa wannan daɗi? Wa zan faɗa wa ya gane, in ba ke ba? Na yi miki alkawari, farar ƙasar ɗakinki ni zan ɗauko ta a kaina, Gwaggo ta huta da gwiwarta. Bakin ramin nan kuma zan riƙe shi da ikon Allah, damina bayan damina, har ya zama wurin da za mu riƙa kai baƙi su sha kallo. Ruwa ya ci gonar kakana, amma ba zai matso kusa da ɗakinki ba matuƙar ina da hannu.

Ki gaishe mini da Gwaggo, ki ce na tuba. Hular kuwa na rataye ta yadda take, na hana Inna taɓa ta. Duk wanda ya ga ango da hula mai ƙasa ranar ɗaurin aure ya yi dariyarsa, ni da ke mun san abin da ta ɗauko.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da za a mai da ni ƙasa,

Lukuman na Gammo