Wurin Zama a Bakin Gada

Osaka, 9 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Fumie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramar? Ni ina nan yadda kika bar ni.

Ban manta da alkawarinmu ba. Muddin ƙafata tana kai ni filin motsa jiki kowace safiya, zan zauna a ɗakina. Ranar da ta kasa, in tattara in koma wurinki. Har yanzu tana kai ni. Ƙarfe shida da rabi ake kunna rediyo, mu goma sha ɗaya mu ɗaga hannu mu sauke, Uwargida Onodera ta buga wa kowa hatimi a katinsa. Wanda bai zo ba, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da haka muke sanin wanda ya kwana da rai.

Sai dai hanyar ta sake. Da, nakan huta a bencin mai awara, sannan in ƙarasa. An rushe shagon, an faɗaɗa titi, wurin ya zama ma'ajiyar motoci. Inda bencin yake sun kafa wani ƙarfe a karkace, wai na jingina, don kada wani ya kwanta a kai. Na gwada shi, na zame. Taku ɗari tara ne daga ƙofata zuwa filin, babu wurin zama ko ɗaya. Shekara talatin da takwas ina raba wasiƙu a unguwar nan da ƙafa, ban taɓa ƙirga taku ba sai bana.

Kwana uku a makon nan na iso an kashe rediyo. Ban ji wani abu a raina ba. Na karɓi hatimina na juyo.

Ki gai da kowa.

Mahaifinki,
Shibata Tokuji

2 ga Yuni

Fumie,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan damina ta same ku lafiya. Busasshen kifin da kika aiko ya iso, na gode.

Kada ki zo tukuna. An samu wurin zama. Wata safiya na tarar da akwatin kwalabe na roba, ruwan ɗorawa, an kife shi a bakin gada, daidai rabin hanya. Na zauna minti biyar, na isa fili kafin a fara. Washegari ma yana nan.

Kin tuna Kuwabara, mai sayar da kifi a tsohuwar kasuwa? Shi ma yana cikin masu zuwa filin. Shi na tambaya ko ya san mai akwatin. Ya ce, “Kai masinja, ni ɗan dakonka ne? Ka ci gaba da zama a kan sharar mutane, wata rana motar shara za ta kwashe ku tare.” Na ce masa har yau ƙarnin kifi bai bar bakinsa ba. Ya ce, “Gara ƙarni da ƙafar taliya.”

Daga baya Onodera ta gaya mini shi ne mai akwatin. Yakan sauko da shi daga hawa na huɗu tun ƙarfe shida, ya ajiye, in an tashi ya koma da shi, don ma'aikatan gari suna ɗauke duk abin da aka bari a hanya. Gininsu tsoho ne, matakala kawai. Ya girme ni da shekara biyu. Ban yi masa godiya ba, zai ji haushi.

Mahaifinki,
Tokuji

18 ga Oktoba

'Yata Fumie,

Ina fatan kuna lafiya. Sanyi ya fara, ki kula da yara.

Ranar Talata na isa gada, babu akwati. Na riƙe ƙarfen gadar na tsaya. Tun watan Mayu Kuwabara bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa. Sai ban nufi fili ba, na juya zuwa gininsu.

Na hau hawa na ɗaya. A tsakiyar na biyu ƙafafuna suka tsaya. Na zauna a kan matakala, ba sama ba ƙasa. Na kira shi, “Kai mai kifi!” sau uku ko huɗu. Daga nesa ina jin kiɗan rediyon har ya ƙare. Can sai ga Onodera da mutum biyu, kati biyu ba hatimi ya kawo su. Ta ce, “Baba Shibata, zauna nan, kada ka motsa.” Suka wuce ni suka hau.

A bakin ƙofa suka same shi, takalmi ɗaya a ƙafa, akwatin a gefensa. Likita ya ce ko da na isa, da wuya a yi wani abu. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

An ƙone gawar ranar Juma'a. Ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina barci. Onodera ta kawo mini akwatin, ta ce nawa ne. Jiya na gwada fita da shi a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, ban wuce ƙofar gini ba. Kwana biyar ke nan katina babu hatimi.

Ki zo ranar Lahadi. Kin ce a unguwarku ba a yi wa masu tafiya da ƙafa hanya ba, ko burodi sai da mota. Ba komai. Kayana ba su da yawa. Ki dai bar wuri a bayan motar, akwai akwati ɗaya da ba ya naɗuwa.

Ki gai da maigidanki da yara.

Mahaifinki,
Shibata Tokuji