Akwatin Unguwar Ɗinya

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Kansila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Baba, ranar Talata na yi wani abu game da akwatin zaɓen garinmu, tun daga ranar ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Ziyarar kabarinka ba ta yiwuwa, hanyar ba ta biyuwa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ban manta yadda ka samo akwatin nan ba. Kafin ka zama kansila, sai mutanen Unguwar Ɗinya sun taka har Tafoki kafin su jefa ƙuri'a, tsofaffi da masu goyo kuwa sai dai su haƙura. Ka yi ta zirga-zirga Faskari a tsohon kekenka, har masu gadin ofishin zaɓe suna yi maka ba'a, wai tsakanin kai da keken ba a san wanda zai riga sarewa ba. Maganarka ɗaya ce kullum: "Garin da ba ya da akwati, gwamnati ba ta san da zamanshi ba." Ranar da aka kawo shi aka ajiye a harabar makaranta, na ga ka share ido da hannun riga, ka ce wai hayaƙi ne.

Ba ka tara komai ba a kujerar nan. In taki ya zo, sai ka sa a zube shi ƙofar masallaci a raba da tiya, wanda ya zaɓe ka da wanda ya zage ka duk awo ɗaya. Inna takan ce ta auri kansilan da gonarsa ta fi ta kowa yunwar taki. Ni ma haushinka nake ji a lokacin, ba zan ɓoye maka ba. Da zango na biyu ya zo jam'iyya ta ajiye ka ta ɗauki mai jin magana, ka koma kan keken ɗinkinka a zaure, mutane kuma ba su fasa kawo maka kukansu ba har ka bar duniya.

Baba, babu kowa a Unguwar Ɗinya yanzu. Sau biyu 'yan bindiga suka shigo bayan rasuwarka, a na biyun suka ƙone rumbuna. Mu muna Faskari, dangin Inna suna Ƙanƙara, wasu sun gangara Sabuwa. Abin da ya rage na garin shi ne sunansa a jikin akwati.

A zaɓen da ya wuce amininka Alhaji Mamman ya tara mutane suka hau babura suka je can suka jefa ƙuri'a, don kada a ce gari ya mutu. A hanyar dawowa aka tare su. Har yau babu labarin ɗansa Lawal.

To ga wani zaɓen ya matso. Dattawa suka rubuta takardar neman a ɗauke akwatin a haɗe shi da na unguwar da muke zaman haya, suka ce tunda ni ne ɗanka, sa hannuna ne zai fara. Na zaci Alhaji Mamman zai fi kowa goyon baya. Shi kaɗai ya ƙi. Ya dube ni ya ce, "Ubanka da keke ya ɗauko shi, kai da biro za ka maishe shi."

Na sa hannu, Baba. Ba zan iya ganin an sake ɗora mutane a babura kan hanyar nan ba, ko da sunan gari ne. A gurbin da ake rubuta garin mai sa hannu na rubuta Unguwar Ɗinya. Magatakardan ofishin zaɓe ya duba, ya ja layi a kai, ya rubuta Faskari. Bai ko ɗaga kai ba. Na fito na zauna a bakin kwalbati na yi kuka kamar ranar jana'izarka.

Ban san ko da kai ne za ka sa hannu ba. Ina kewarka, kuma ina jin kunyarka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da gidan Aljanna. Allah Ya bayyana Lawal, Ya mayar da mu gida da ranmu. In na yi kuskure, ka yafe mini.

Ɗanka,
Kabiru