Farar Takardar da Na Miƙa wa Misis

Sabo, Badun.

Zuwa ga Inna,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san ba a yi. 'Yar fari ba ta tsayawa gaban uwa ta yi dogon zance, balle ta sa shi a takarda har wani ya karanta da ƙarfi. Ko sunan nan da na kira ki da shi a sama, aronsa na yi daga bakin ƙannena, don ni ban taɓa kiran ki da komai ba. Malam Habu, idan kai ne ke karanta mata, kamar yadda kake karanta wasiƙun gidan, ina roƙon ka ka bi a hankali, kada ka ɗaga kai ka dube ta.

Ina gaishe ki da ladabi da girmamawa. Ina fata kina lafiya, da Baba, da su Hajara, da duk mutanen gida. Mu ma lafiya lau muke. Gwaggo tana gaisuwa, ƙafarta ta yi sauƙi. Mijinta Baba Tafinta yana ta fama da tasha, don lokacin goro ne, gidan cike yake da baƙi fatake.

Wataƙila an gaya miki zan shiga jarrabawa kafin shekarar nan ta fita. Wanda ya ci ta da kyau shi ake ɗauka a babbar kwalejin nan ta hanyar Oyo, gaba da Mokola. Turanci ne ƙofarta. In mutum ya faɗi Turanci, ko ya ci lissafi da tarihi da komai, aikin banza ne. Baba Tafinta ya ce sau ɗaya zan shiga. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ajinmu, kuma ya sha surutun mutanen Sabo a kaina tun ina ƙarama. Ban ga laifinsa ba.

To ina ta shiri. Da safe kafin in tafi makaranta nakan ɗauki sababbin kalmomi daga ƙamus in yi ta juya su a baki har Mokola. Duk abin da idona ya faɗa kai a gidan nan sai na nemi sunansa da Turanci: turmi, rariya, igiyar guga, har kwatar da ke bayan ɗaki. Akwai aikin da ake ba mu dogon labari a ce mu taƙaita shi ba tare da ya rasa ma'anarsa ba. Akwai na nahawu, wanda ba ya ba ni wuya. Da yamma in je gidan maƙwabta in tsaya jikin taga in saurari mai karanta labarai a akwatin rediyo, in riƙa bin bakinsa a zuci.

Karatu da ƙarfi ne wahala, don ina jin nauyin a ji ni. Sai na koma yin sa a ɗakin goro. Ina zaune ina tsince mai sankara daga mai kyau, ina shimfiɗa sabon ganye a huhu, littafi a buɗe bisa gwiwata. Gwaggo ta kama ni ran nan, ta ce, “Baturiyar Sabo, ƙara murya mana, ko sankarar ta ji tsoro ta koma Ingila.” Yanzu duk matan gidan haka suke kirana.

Duk wannan yana tafiya daidai har ranar da Misis, malamarmu ta Turanci, ta ba mu gwajin insha'i. Ta kan ba mu irin tambayoyin da suka saba fitowa, ta ajiye agogonta bisa tebur kamar ranar gaske. Ran nan sai ta rubuta a allo cewa kowa ta yi bayanin mahaifiyarta.

Inna, na tsoma alƙalami a tawada, na rubuta kan magana, na ja layi a ƙarƙashinsa. Shi ke nan. Ina jin ƙarar alƙaluman 'yan ajin ta ko'ina. Ƙawata Folake, da ke zama kusa da ni, ta cika shafi ta juya, ta cika ta juya, har tana murmushi ita kaɗai. Ni kuwa kalmomin da na tara duk suna nan, ban manta ko ɗaya ba, amma babu wadda na san inda zan ajiye ta. Da lokaci ya cika na miƙa farar takarda.

Misis ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ko kin rasu ne. Na ce a'a, kina Kano lafiyarki lau. Ta tambaya ko an yi mana wani abu ne a tsakani. Na ce ko kusa. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin kunyar ɗan fari, da yadda ake ba da shi riƙo da an yaye shi, sai na ga Turancina ya gaza, abin ya fito kamar ƙiyayya. Ita dai abin da ta ce, hannun da ya taɓa tsayawa a aji yana iya sake tsayawa a ɗakin jarrabawa, kuma Turawan da ke duba takardu ba su san uzuri ba. Ta ce in je in sake.

Folake ta ce in ƙirƙiro uwa kawai, ai mai dubawa ba zai zo Sabo ya yi bincike ba. Ita uwarta rini take sayarwa, kuma na sha ganin su suna cin abinci kwano ɗaya suna musu, har ta kan kwanta a cinyarta, ga ta ƙatuwa. Na bi shawararta. Na rubuta wata mata mai haƙuri, mai tsafta, mai son 'ya'yanta. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Misis ta karanta ta ce matar nan ba ta taɓa shiga madafa ba, ko ƙaurin hayaƙi babu a zanenta.

Sai na rubuta a kan Gwaggo. Wannan kam ya zubo kamar ruwa: yadda take ciniki da Yarabanci har masu yaren su gaji, da yadda take taunar goro ta gefe guda. Misis ta ji daɗi ƙwarai. Don murna na kawo takardar gida na fassara wa Gwaggo. Ta yi ta dariya har na faɗa mata kan maganar da ke sama. Nan ta daina. Ta ce, “Ni na goya ki, amma ba ni na yi naƙudarki ba. Kada ki ɗauki hular wani ki sa mini.”

Tun ranar ban sami natsuwa ba. Sai in karanta shafi guda har ƙarshe, in rufe, in ga ban riƙe komai ba. In zauna, in tashi, in je rijiya ba da guga ba. Na ƙona tuwo. Gwajin da ya biyo baya na taƙaita labari, abin da nake fin kowa, na zo can ƙasa.

Na zauna na lissafa abin da na sani game da ke, sai na ga duk daga zuwanki ɗaya ne, lokacin da Gwaggo ta yi jinya ina aji uku na firamare.

Na tuna kin sauko daga jirgin ƙasa da baƙin mayafi, kin gaisa da kowa a tsakar gida, har da masu haya. Da kika zo kaina sai kika dubi bango kika tambayi Gwaggo ina za a ajiye kaya.

Na tuna kin yi wa duk yaran gidan kitso, ni ban da ni. Amma da Gwaggo ta ɗan sami ƙarfi ta yi mini nawa, kina can kina tankaɗe, kin ba mu baya, kika ce, “Tsagar waccan ta karkace ta hagu.” Aka duba, ta karkace. Har yau ban san ta ina kika gani ba.

Na tuna wata la'asar ina karatu a ƙuryar ɗaki, ke kina zaune a bakin ƙofa kina tsinar shinkafa. Ba ki waiwayo ba, sai kika ce wa Gwaggo ɗakin nan duhu gare shi, zai ɓata wa mutum ido. Kika ja tabarmarki gefe, haske ya faɗo bisa littafina. Kika ƙarasa tsinar a cikin rana.

Iyakar abin da nake da shi ke nan. Ban san yadda kike dariya ba. Ban san ko kina waƙa in kina niƙa ba.

Shekaranjiya Alhaji Ɗanjuma, bafataken da ke sauka gidanmu, ya dawo daga Kano ya kawo saƙonki da kika saba, ƙullin daddawar kalwa, a ba Gwaggo. Ina kwance shi na ce Gwaggo dai Allah ya ba ta mai sonta. Sai ta dube ni kamar ta ga wawiya. Ta ce ita tun da ta zo Badun ta saba da irin ta Yarabawa, ta Kano ma ƙarfi take yi mata. Ta ce lokacin da aka kawo ni na ƙi cin miyar garin nan, na rame, labari ya je Kano, shi ne aka fara aiko da ita. Ba a taɓa fashi ba, ba a kuma taɓa cewa ta wane ce ba. Ta ce, “Ke da kike karanta littattafan Turawa, wannan ba ki iya karanta shi ba?”

Na shiga ɗakin goro na rufe ƙofa. Da na fito na ɗauki takarda na sake insha'in nan, ba don Misis ba. Na sa kitson, na sa tabarmar, na sa daddawar, duk da na rasa sunanta a ƙamus sai da na yi mata dogon bayani. Bai kai shafi biyu ba, amma hannuna bai tsaya ba. Sai dai da na gama na ga abin kunya ne a ce wani Bature a ƙetaren teku zai iya sanin abin da ke raina game da ke, ke ba ki sani ba. Dalilin wasiƙar nan ke nan.

Ba na neman ki kira sunana, ba na neman ki canza komai in mun haɗu. In na zo Kano zan durƙusa daga nesa kamar yadda aka koya mini, ke kuma ki dubi bango. Abin da nake so kawai, ranar da zan shiga ɗakin jarrabawar nan in san kin sani. In sakamako ya fito, mai daɗi ko maras daɗi, in sami inda zan kai shi.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Allah ya saka miki da alherin da kika yi a ɓoye, wanda na sani da wanda ban sani ba. Allah ya raya miki su Hajara. Ni kuma ki sa ni a addu'a, ko da ba da suna ba, Allah ya san wadda kike nufi.

Alhaji Ɗanjuma zai kawo miki wannan tare da goron da ya ɗauko, zai kuma juyo kafin jarrabawa. Ina neman izininki in sake rubuto miki. Ba sai kin ba Malam Habu amsa ba, ba sai kin ce da kowa komai ba. Idan kin yarda, ki raba daddawar ƙulli biyu, babu wanda zai gane. Idan ƙulli ɗaya ya zo, na fahimta, zan sa a miya in ci in gode, ba zan ƙara damun ki ba.

Ni ce,
waccan.