Ni na hana ta zuwa Yamai, Madan ta ɗauki laifin

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da ƙanana. Admin, ki ɓoye sunana, kuma ki rubuta maganar yadda na faɗe ta cikin waya, kada ki gyara ta don ta yi daɗi. Ni ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba, maƙwabciyata ce ke karanta mani abin da kuke tattaunawa, na ga kuna gaya wa mutum gaskiya ko ba ya so. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara sunka rage mani.

Ni tsohuwa ce, mutuniyar Konni, kuma ba a san ni da wasa ba. Mijina, Allah ya jiƙan shi, direban kamiyo ne, yana ɗauko siminti daga Malbaza. Haihuwa huɗu na yi, uku sunka koma tun suna ƙanana, ta farin kaɗai Allah ya bar mani. Mu kuwa yadda anka tashe mu, ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yaba shi, ba a jawo shi jiki gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Da uwar mijina na da rai ita za ta riƙe ta, to ta riga mu gidan gaskiya, sai riƙon ya faɗo kaina tare da kunyar. Har yau da take da jika, "ke" nake ce mata, sunanta bai taɓa fita bakina ba.

Bayan farin nan da anka yi rabon jar dawa, anka kawo wata malamar wasanni kwalejin garinmu. Ba 'yar nan ba ce, daga can bakin kogi ta fito, Hausarta ma a karye take, yara sunka sa mata Madan Sipor. Ta zo da raket huɗu na itace, abu kamar rariya mai mariƙi, ta ce za ta koya wa 'yan mata ƙwallon tanis. Mutane sunka yi ta dariya, ita kuwa ta bi direbobi tana roƙon simintin buhunan da sunka fashe a hanya, mijina na cikin waɗanda sunka riƙa sharo mata ƙasan mota, har ta shafe fili bayan azuzuwa. Sannan ta bi gida gida tana durƙusa wa uwaye. Dokarta ita ce ba ta ɗaukar yarinya sai uwarta ta yarda, kuma duk uwar da ke so ta zo ta zauna ta ga abin da ake yi. Ni kaɗai na ɗauki wannan magana da gaske. Kullum bayan la'asar ina gindin icen bedi da tabarmata da tiren gyaɗa, ina lura da tsawon wandon kowace, ina korar samarin da ke leƙe ta katanga. 'Yan matan sunka sa mani Jandarma. Madan in ta gan ni sai ta ce, "Yaya Jandarma, an kama aiki? Zo ki riƙe raket ki gwada." Ni kuma in ce mata rariyar da ba ta tankaɗe ba ni da aiki da ita.

Yarinyar tawa bahaguwa ce, na sha dukan hannun nan don ta bar cin tuwo da shi, ashe shi Madan ke nema. Cikin shekara biyu babu mai tsaya mata, har manyan ma'aikatan da ke zuwa bugawa ran Lahadi tana kora su gida da gumi. Ni da ban san lissafin wasan ba, daga ƙarar ƙwallon nake gane bugunta ne. Amma ko sau ɗaya ban ce mata sannu ba. In ta ci, Madan ce ke kiran sunanta da ƙarfi, ta rungume ta, ta share mata fuska da gefen mayafinta, ni ina zaune ina ƙirga gwangwanin gyaɗa kamar ban gani ba. Da ubanta ya rasu, gidan ya rage ni da ita, sai ya zama ba ta da zance sai Madan ta ce kaza, Madan ta ce a sha ruwa kaza, Madan ta ce a kwanta da wuri. Ina ji, ina haɗiyewa.

Ana gab da hutun damina, Madan ta zo gidana da hantsi, lokacin yarinyar na aji. Ta zo da takarda da ɗan akwatin tawadar dangwale. Ta ce za a tara 'yan mata a Yamai a horar da su wata biyu, mutum ɗaya anka ba Konni, kuma in yarinyar ta yi kyau za a riƙe ta can ta ci gaba da karatu tana wasa. Yatsana kawai ake jira. Na ce ban yarda ba. Ta dawo washegari, ta sake dawowa rana ta uku. Na ce mata marainiya ce, idon gari na kaina, na ce Yamai ba wurin ɗiya mace ba ne, na kawo dalili ya fi goma. Ainihin dalilin ban faɗa ba, shi ne in ta tafi ban san da wa zan ci tuwo ba, kuma na san in ta dawo ta zama ta Madan gaba ɗaya. Uwa ba ta faɗin haka a kan ɗiyar fari, ko a zuci kunya nake ji. A zuwa na uku Madan ta naɗe takardarta, ta ce, "Yaya, ɗiyarki ce, ba ni ƙetare maganarki. Amma ke za ki gaya mata, ba ni ba." Na ce to. Sai ta ba da wurin ga mai bi wa yarinyar a iyawa, ɗiyar wani babban ma'aikaci da anka kawo garin.

Ranar da labari ya fito, yarinyar ta shigo ina surfe, ta tsaya kaina ta ce, "Inna, an ce Madan ta zo nan." Wallahi ban shirya abin da na faɗa ba, bakina ne ya riga ni. Na ce ta zo, ta ce a ba ki haƙuri, wurin na ɗiyan manya ne, ba a kai ɗiyar mai tallar gyaɗa Yamai. Ban ko ɗaga kai daga turmi ba. Ba ta yi kuka ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko raket ɗin da Madan ta ba ta, ta je ta ajiye mata a bakin ƙofa ta dawo. Daga ranar ba ta ƙara taka filin ba.

Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi. Yarinyar ta gaya wa ƙawayenta, su kuma sunka kai gida, mata sunka riƙa tare ni a bakin famfo da wurin suna suna tambaya, ni kuma tunda na faɗa sau ɗaya sai na ci gaba da faɗa, har da ƙari. Talakawa sunka janye ɗiyansu, filin da ke cika ya koma mutum uku. Wasu iyaye sunka kai ƙara buro, wurin manyan malamai, ba a jima ba anka ɗauke Madan anka kai ta Illela. Kafin ta tafi ta zo gidana. Na ɗaura ɗamara, na tanadi maganganun da zan mayar mata, don na ɗauka tonon asiri ya kawo ta. Ta zauna bakin tabarma, ta ce ta ji duk abin da ake faɗa, kuma ba za ta ƙaryata ba. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta da kowa sai ke. Ni malama ce, in ta tsane ni za ta samu wata. Ki riƙe ta da kyau." Ko ruwa ban ba ta ba.

Shekara huɗu ta yi a Illela. An ce can babu siminti, da toka take ja layi a kan jar ƙasa, in iska ta share ta sake ja. Ta dawo Konni lokacin da anka fara jam'iyyu, malamai kullum cikin yajin aiki, lakwal a rufe, ita kaɗai za ka gani da la'asar tana ɗinke raga da zaren buhu, 'yan mata biyar shida na jiranta. Na ji an so a mayar da ita Yamai har sau biyu ta ƙi. Haka ta yi sama da shekara talatin, ta koya wa uwaye ta koya wa ɗiyansu, cikin 'yan matanta akwai malamai, akwai masu kaki, akwai waɗanda wasan ya kai su ƙasashen da ban san sunansu ba. Duk inda munka haɗu, biki ko gaisuwar mutuwa, ita ke fara durƙusawa ta ce, "Yaya Jandarma, ina gajiya?" Ni kuma in amsa a daƙile kamar ita ta yi mani laifi.

Ɗiyata ta zama ungozoma, tana aiki a Malbaza, yanzu wurinta nake zaune, ita ke ci da ni, ita ke kai ni awon hawan jini. Ba ta rage ni da komai ba. Amma abin bai bar ta ba. In ana nuna tanis a talabijin tashi take ta bar ɗakin. Ɗiyarta ta biyu da ta yi kwaleji a Konni ta zo da murna ta ce Madan ta ce tana da hannu, uwar ta ce in ta ƙara jin ta taka filin matar nan sai ta karya hannun. Ina zaune a wurin, yarinyar ta dube ni don in sa baki, na ce ta bi maganar uwarta.

To yanzu Madan ta yi ritaya, gwiwoyi sun ƙi, za ta koma garinsu. Tsofaffin ɗalibanta sun buɗe gurup a waya, sun shirya mata walimar ban kwana a kan filin nan, Asabar ta sama. Sun sa ɗiyata ciki. Na ɗauka za ta ƙi zuwa, sai ta ce za ta je. Ta ce ta gaji da jin ana cewa Madan uwar marayu, Madan ba ta bambanta ɗan kowa, za ta karɓi lasifika ta faɗi abin da anka yi mata tana da shekara goma sha biyar, kowa ya ji. Mijinta ya ba ta haƙuri ta ƙi. Ta juyo ta ce mani, "Inna, ai ke kinka ji da kunnenki. Tare za mu, in sun musa ke ce shaidata." Har ta ba tela atamfar da za mu sa.

Ran Laraba na ce zan je dubiya Konni, na shiga taksi na sauka gidan Madan. Na same ta cikin kwalaye tana ɗaure kaya, ta ce in zauna kan gado tunda kujerun an riga an ba maƙwabta. Na gaya mata abin da ke tafe. Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe bahaguwar tata har yanzu bugun nan na nan. Na ce ba abin dariya ba ne, gaban mutane za a tozarta ki. Ta ce, "Bar ta ta faɗa, Yaya, ta daɗe da shi a ciki. Ni kwana biyu bayan nan na shiga mota, ke ce za ki zauna da ita." Da na tashi tafiya ta rako ni ƙofa da sandarta, ta riƙe mani hannu ta ce abu ɗaya take roƙona, in yarinyar ta kira ni shaida in gyaɗa kai kawai, kada in ce wallahi, don ni da ita tsofaffi ne, duk mun kusa kabari. Tun daga Konni har Malbaza ban san inda mota ta bi ba.

Sau biyu ina gwada gaya wa ɗiyata. Jiya tana yanke mani farce na ce "ke", ta ce na'am, sai na ce ta rage gishiri a miya. Don in na ce ni na hana, za ta ce don me, kuma amsar ita ce abin da ban taɓa gaya mata ba tun ranar da na haife ta. Ban san yadda ake faɗinsa ba, ba a koya mani ba. Kuma ina tsoro, ba na ɓoye maku. Mace ce mai riƙo, a wurina ta gado. Wadda ta yi shekara talatin da wani abu ba ta gaida malamarta a kan magana ɗaya, me za ta yi wa wadda ta ƙirƙiri maganar, ta kuma bar ta ta hana ɗiyarta?

Maƙwabciyata ta ce in kwanta ciwo ranar, in babu shaida wataƙila ta fasa. Amma ko ta fasa, Madan za ta bar Konni da sunan da na shafa mata. Na yi tunanin in aiki ƙanwar ubanta ta gaya mata, yadda ake yi a da in magana ta fi ƙarfin uwa da ɗan fari, sai na ga kamar na sake ɓuya bayan wata ne. Na kuma yi tunanin in bari sai an taru, in ta miƙo mani lasifika in faɗi gaskiya gaban kowa, tunda gaban kowa na ɓata matar, amma ɗiyata ce za ta sha kunyar a tsaye cikin sabuwar atamfa.

Ku da kunka yi karatu, da ku da uwayenku sunka kira sunanku, ku gaya mani. In gaya mata mu biyu kafin Asabar, ko in kai ta gaban Madan in faɗa a can? In kuwa mu biyu ne, da wace kalma zan fara? Masu zagi ku zaga, na ci zagin, amma wanda ya gama ya bar mani amsa, don tela ya ce jibi zai kawo ɗinkin.