Hannun da Yar Rage Bisa Kahwaɗarka

Assalamu alaikum, Baban Uwani. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da hwatan kana lahiya duk inda Allah ya aje ka. Inna tana gaishe ka, ƙahwar tata ta yi dama. Ka san ban iya rubutu ba. Wayar ƙanwarka Hadiza ta nika magana ciki, ita za ta sa muryar ga cikin zauren nan naku na waya na 'yan ƙwallo, ko wani ya ji ya kai maka. Na san ba kai ɗai ka saurare ba. Su ma su ji.

Wata biyu ke nan da hitarka. Jiya da hantsi Bello yaz zaka gida, Bello kyaftin ɗinku, wanda yanzu shi na babban 'yan sa-kai. Bai zamna ba. Yac ce ran Juma'a in an sauko masallaci dattawa za su taru, in kai hoton nan na ƙungiya da ka rataye ɗakinmu. In sunka yanke cewa kai infoma na, mai kai wa 'yan bindiga labari, ni da ɗiyarka mu bar gari. Ina za ni da yarinya 'yar shekara biyu? Ka san abin da ka bisa hanyar Rabah. 

Mi ac cikin hoton? Hannun Jabbi bisa kahwaɗarka. Shi ke nan shaidar.

Shi yas sa nika son in tuna maka, su ko su tuna, wada hannun ga yaz zo wurin.

Ina talla nis san Lambu Yunaitet. Hilin shanyar albasa kunka share bayan gari, kunka kahwa itacen dogon yaro biyu-biyu. Raga kuwa tsohuwar koma ta, wani masunci na Goronyo yab ba ku, har ta tsuhwa tana ƙarnin kihi. Ku 'yan lambu na duka, sai kun gama ban ruwa kuka zuwa da taɓo ga ƙahwa. Ni ina bayan raga da tiren gyaɗa, don nan aka hi ciniki. Ba don kai ba na, ko da kana cewa don kai na.

Ranar nan wani ɗan Hillani yat tsaya kallo da sanda bisa wuya. Ƙwallo tab bi ta gabanshi, yam maido ta da ƙahwar hagu, taw wuce ka, kai da kaka taƙamar ko ƙuda bai wuce ka. Kowa yay yi dariya. Kai kac ce a ba shi riga. Shi na Jabbi.

Tun ran nan in Jabbi ya maido shanu ruga, sai ya sheƙo hili, ya ba ka sanda ka jingine cikin raga. Kullum maganar ɗaya ta: "Gola, tsare min baya, ni in tsare maka gaba."

Rani ukku ba wanda yac ci ku gida. 'Yan Rara sunka zo da makaɗa, sunka koma ganga rataye. 'Yan cikin garin Wurno, masu takalman ƙwallo, sunka riƙa toshe hanci suna cewa ga masu warin albasa. Jabbi yaz zuba musu biyu, ƙahwa ba takalmi. Kai ka bi su har bakin mota kana tambaya ko hawayen na albasa na.

Sai wasan ƙarshe na Goronyo. Lokacin an ɗaura muna aure, ban je ba, ni niw wanke rigunan dai, goma sha ɗaya, nis shanya bisa darni. Anka ce fenariti na ƙarshe da ciki kat tare shi. Kunka dawo da kohi da rago, an sa wa ragon rigarka an aza shi bisa babur, mata na guɗa tun daga bakin gari. Har ruga anka kai nama. Uwar Jabbi ta aiko min da man shanu cikin ɗan ƙoƙo. Ran nan anka ɗauki hoton, kowa da nashi.

Abin da yab biyo baya ba wanda bai sani ba. 'Yan bindiga sunka kore shanun gari. Don ramuwa anka je anka ƙone rugar su Jabbi, su da su ma an kwashe musu nasu. Ubanshi bai hito ba. Ba mu sake ganin Jabbi ba. Cikin ku sha ɗaya, biyu an rufe su rana guda. Ukku sun ɗauki bindigar sa-kai. Ban da kai, saura sun watse kudu. Hilin yanzu bukkokin 'yan gudun hijira na, suna shanya tsumma ga itacen ragarka.

Sannan anka tare motarku kuna dawowa kasuwar Goronyo. Ku bakwai anka shiga da ku daji. Kwana huɗu kai ɗai kad dawo, ƙahwahu duk sun hwashe. Ka hwaɗa min, ka hwaɗa wa kowa, ba ka ɓoye ba: wani mai rawani yad dube ka yac ce "Gola" da muryar Jabbi, yak kwance ka, yan nuna maka gabas. Ba ka roƙe shi ba. Ka roƙa wa sauran, yaj juya baya. Da ka yi ƙarya ka ce gudowa kay yi, da yanzu kana lambunka. Sauran shidan suna da uwaye, ban ga laihinsu ba in sun ƙi gaishe ni bakin rijiya.

Yanzu ga abin da niy yi, ka yahe min.

Bayan hitar Bello tsoro yak kama ni. Nis sauke hoton, niɗ ɗauko reza, niy yanke Jabbi daga ciki. Na ce in babu shi, babu magana. Sai ga hannunshi ya rage bisa kahwaɗarka, yatsu huɗu. In zan cire su sai na yanka wuyanka. Na aza reza zan kankare, Uwani taz zo tad dangwala yatsa tac ce Baba. Ita ba ta da wani Baba yanzu sai wanga na takarda. Na aje rezar.

Ɗan guntun da niy yanke niɗ ɗauka zan sa murhu. Nan nig gani. Jabbi tsakiyarku yake, kai dama, Bello hagu. Bisa kahwaɗar Jabbi akwai wani hannu, da ƙyallen kyaftin ɗaure ga damtse. Kowa ya san mai ƙyallen. An ce shi ya ƙone nashi hoton tun bara.

Ban ƙone ba. Shina ƙulle ga bakin zanena. Ran Juma'a zan kai su duka biyu in haɗa gaban dattawa. Ban taɓa magana gaban maza ba, ban san ko murya za ta hito ba. Shi yas sa nih hwaɗa tun yau, ga kunnen duk wanda yac ci naman ragon nan. In hannu bisa kahwaɗa laihi na, to ba gidanmu ɗai za a rufe ba.

Kai kuma, don Allah, kak ka dawo. Na san ka, in ka ji muryata haka sai ka hau mota. Kak ka zo. Ka yi shekaru kana tsare wa mutane baya, wanga karon bar min. Rigarka tana ƙasan akwati, na wanke ta, har yau da ɗan warin ragon. Uwani ta hidda haƙori biyu na baya. Tana harbin ƙoƙo da ƙahwar hagu, irin ta wanda ba a son a ambata.

Allah shi tsare ka inda kake, shi ba ka abin kai wa baki. Allah shi jiƙan waɗanda anka rufe, shi maido waɗanda ka daji, shi sanyaya zuciyar uwayensu. Allah shi ba ni ƙahwar tsayuwa ran Juma'a. Amin.

Ni ta, mai gyaɗar bayan raga,
uwar Uwani.