Ƙunshin da Ya Ɗaure Ni da Mama Tabita

Zuwa ga yayata Hannatu,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kina lafiya, ke da Baban Nuhu da yara. Yaya Fatakwal, yaya ruwan saman nan naku da ba ya jin bari? Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan Dutse lafiya lau, sai zafi. Inna ta warware daga tarin nan, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Mun yi Ista lafiya, kuma labarinta zan ba ki da bakina, kafin wani ya kawo miki shi da ƙarin gishiri.

Kin san mu uku ne ma'aikata a cocinmu: Fasto Iliya, ni a ofis, sai Mama Tabita mai shara da gyaran coci, wadda ta kama aikin tun ina firamare. A ofishin kujera ɗaya ce mai soso, sauran benci ne. Kullum na zo da safe sai in tarar Mama ta gama shara ta baje a kujerata, ta ɗora ƙafafu a kan kwalin littattafan waƙa, ni kuwa sakatariya guda ina tsaye kamar mai neman aiki. Na yi gyaran murya, na yi tsaki, ko a jikinta. Ranar da abin ya ishe ni na samo fenti na rubuta RIFKATU ɓaro-ɓaro a bayan kujerar. Washegari ta share coci tas, ta share ofis, ta zagaye teburina ta bar shi da ƙurarsa. Daga nan ko gaisuwa muka daina, wata huɗu cur.

Abin kunyar ma a addu'ar safe yake, wadda mukan yi mu uku kafin a fara aiki. Mama za ta rufe ido ta roƙi Ubangiji ya ƙasƙantar da masu girman kai, musamman yaran zamani masu ɗan ilimi. Ni kuma in zagayo ya zo kaina sai in roƙa wa masu zama inda ba a ajiye su ba tuba ta gaskiya. Amin ɗin Fasto kullum sai ƙara ƙanƙancewa take yi. In ina son mabuɗin sito sai in ce ya karɓo mini, in tana son sabulu sai ta ce ya faɗa wa mai kujera, alhali tsakanina da ita bai fi taku uku ba.

Mako guda kafin Ista haƙurinsa ya ƙare. Ya ce shi makiyayi aka naɗa shi, ba ɗan aike ba. Ya ce ranar Alhamis ta makon Ista, da aka saba shi ke wanke ƙafafun dattawa kamar yadda Almasihu ya yi wa almajiransa, bana ni da Mama za mu wanke wa juna a gaban jama'a. In mun ƙi, zai kai maganar gaban dattawa, kuma ɗayarmu za ta bar aikin. Yaya, ba sai na je wurin mai duba ba, na san wadda za a sallama. Ita shekararta goma sha tara a wurin, ni biyu, ga Inna a hannuna.

To, kin san ƙanwarki. Maimakon in tuna da zuciyata, sai na tuna da kaushina. Na ce Mama ba za ta riƙe diddigen nan ta samu abin faɗa a zumuntar mata ba. Kwana uku ina gurzarsa da dutse, ranar Laraba kuma na tafi unguwar Limawa gidan Adawiyya mai ƙunshi. Ta kwaɓa lalle ta shafa mini, ta naɗe ƙafafun da leda da tsumma, ta gargaɗe ni kada in kuskura in taka ƙasa sai bayan awa huɗu. Na jingina kenan ina fifita, sai na ji sallama da muryar da ko a mafarki na san ta. Ashe Mama ma dabarar da ta yi kenan. Na yunƙura zan tashi, Adawiyya ta ce in na ɓata mata aiki ba za ta sake ba. Tabarma kuwa ɗaya ce a inuwar, dole aka zaunar da ita kafaɗa da kafaɗa da ni.

Da Mama ta cire takalmi sai Adawiyya ta yi salati. Ƙafafun sun kumbura sumtum, in an danna yatsa sai gurbin ya zauna. Ta tambaye ta ko ta je asibiti. Mama ta kau da kai daga gare ni ta amsa mata cewa ta je tun bara, likita ya ce duk lokacin da ta daɗe a tsaye ta samu wuri mai laushi ta zauna ta ɗaga ƙafa. Ta ce ba ta gaya wa kowa a coci ba, don tana tsoron a ce ta tsufa a sallame ta. Yaya, kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, ga shi babu halin gudu. Na yi kusan awa guda ina kallon ledar ƙafata kafin na iya ce mata ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma fentin nan ko kyan rubutu ba shi da shi. Muka yi ta dariya har Adawiyya ta ce mu daina motsi, ta ƙara da cewa da ta san sulhu za ta yi da ta ƙara lallen.

Ranar Alhamis na durƙusa na wanke ƙafafun nan a hankali, ina yi ina hawaye. Jama'a suka ɗauka tsabar ruhaniya ce, har wata ta ɗauko waƙa. Bayan sujada na lallaɓa ta muka je wurin Fasto tare ta faɗa masa ciwon. Ya yi mata faɗa sosai a kan ɓoyewar, ya ce aikin Allah ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba inda za ta je. Yanzu ni ke share ofis da baranda, ita ta yi cikin coci. Ranar da na fara share ƙarƙashin teburina, cikin ƙurar wata huɗun nan na tsinci hatimin coci da ya ɓata, wanda na daɗe ina zarginta a raina da ɓoyewa. Wannan ke kaɗai na gaya wa, kada ya wuce ki.

Ki gaida Baban Nuhu, da Nuhu da Saratu, da Gwaggo Laraba in kun haɗu. Inna tana gaishe ku, Mama Tabita ma ta ce in gaishe ki. Ga ta nan a gabana a kan kujera mai sunana, ƙafa a kan kwali, baƙi suna shigowa suna ce mata Mama Rifkatu tana amsawa. In kin ga rubutuna ya karkace ki yi haƙuri, a kan benci nake.

Taki ƙanwa har kullum,
Rifkatu