Duron Babanki

Montánchez, Afrilu 2002

Zuwa ga 'yata Amparo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma lafiya, sai gwiwata da kika sani.

Kin ce autarki Nieves tana tambayar dalilin da muke ce wa kwabon nan duro, alhali peseta biyar na kuɗin ƙasarmu aka rubuta a jikinsa. Ki gaya mata duro na nufin mai tauri. A da na azurfa ne, in an jefa shi kan tebur sai ya yi ƙara. Azurfar ta tafi tun ina yarinya, sunan ya zauna. Da duro muka sayi jakinmu, da shi babanki ya biya motar da ta kai ki Bilbao.

Tun ƙarshen Fabrairu aka daina karɓarsa, sai sabon kuɗi, yuro. Kin san yadda kan babanki ya koma, jiya ma da sunan yayarsa ya kira ni. Amma bai manta duro ba. Kullum da hantsi sai ya sa hula, ya ɗebi tsabarsa, ya tafi shan kofi shagon Fermín. Ranar farko na bi shi. Ya zube su kan tebur. Fermín ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Tsoho, saura duro ɗaya. Maƙon nan dai har yanzu?" Babanki ya ce, "A wannan ruwan wankin naka? Ɓarawo!" Amma ya cika wa Fermín duron, suka kwashe da dariya.

Mai burodi da mai aski ma sun bi sahu. Ranar Lahadi bayan coci sukan miƙo mini tsabar a ƙulle cikin hankici, in biya su da sabon kuɗi, in mayar wa babanki da ita aljihu.

Maganar gidan tsofaffin da kika samo masa kusa da ke, na san don ƙauna ne, kuma ba zan ɓoye miki ba, na gaji. Na daɗe ina juya ta a raina. Amma a can majinyaci zai zama, a ba shi a baki. A nan kuwa har yanzu mutum ne mai shiga shago, ya yi ciniki, ya biya da hannunsa. Ki ba masu kula da gidan haƙuri, ki bar mini shi tukuna.

Ki gaida mutanen gida.

Mahaifiyarki,
Remedios